Tambayoyi da Amsoshi Kan Sake Sarrafa Shara a Abuja da Sauran Biranen Ƙasashe Masu Tasowa

Duk wanda ke bin hanyar Nyanya ko Kubwa ko Lugbe da safe ya saba ganin abu biyu a wuri guda: tarin shara a bakin titi yana jiran motar da za ta kwashe shi, da kuma matasa masu buhu a kafaɗa ko masu tura kura suna tsince abin da za su iya sayarwa daga cikinsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa idan aka taɓo wannan batu, kuma an amsa su ne bisa abin da ke gudana a birnin tarayya da kuma abin da aka gwada a wasu biranen da halinsu ya yi kama da namu.

Mene ne bambancin kwashe shara da sake sarrafa ta?

Kwashe shara shi ne a ɗauke ta daga ƙofar gida a kai ta juji, kamar babban jujin Gosa inda mafi yawan sharar tsakiyar Abuja take ƙarewa. Sake sarrafawa kuwa shi ne a fitar da ƙarfe ko roba ko kwali ko kwalba daga cikin sharar, a wanke, a niƙa ko a narkar, a mayar da shi kayan da masana'anta za ta yi sabon abu da shi. Akwai mataki na uku da ya fi waɗannan biyu araha, wato sake amfani da abu yadda yake, kamar yadda masu sayar da zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suke yi da gorar ruwa. Birnin da bai iya kwashe shararsa a kan lokaci ba zai sha wuya wajen sake sarrafa ta, domin sharar da ta kwana uku a rana da ruwan sama ta riga ta ruɓe ta ɓata duk abin da ke cikinta.

Yaya girman matsalar yake?

A wani babban rahoto da Bankin Duniya ya fitar a 2018, an ƙiyasta cewa duniya tana samar da sharar gidaje da kasuwanni da ta kai tan biliyan 2.01 a shekara, kuma adadin zai kai tan biliyan 3.4 nan da 2050. Ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara sun samar da tan miliyan 174 a 2016, abin da ake sa ran zai ninka kusan sau uku a cikin wannan lokaci saboda ƙaruwar jama'a da bunƙasar birane. Abin da ya fi tayar da hankali a rahoton shi ne cewa a yankinmu kashi 44 cikin 100 kawai na sharar ake kwashewa, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da kashi 90 cikin 100 ana zubar da ita ne a fili ko a ƙona ta.

Ba wai mun fi kowa yawan shara ba ne. Mutum ɗaya a yankinmu yana zubar da abin da bai kai rabin kilo ba a rana, alhali a ƙasashe masu arziki abin ya haura kilo ɗaya da rabi. Matsalarmu tana ga inda sharar take zuwa bayan ta bar gida. A Maris na 2017 jujin Koshe da ke Addis Ababa ya zaftaro a kan gidajen da ke gindinsa, ya hallaka mutum fiye da 100, sannan a Agusta na 2024 jujin Kiteezi da ke Kamfala ya yi irin wannan ɓarna, mutum fiye da 30 suka rasu.

Wa ke da alhakin shara a Abuja?

Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, AEPB, ita ce ke kula da tsakiyar birni, wato unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, kuma tana yin haka ne ta hannun 'yan kwangila da aka raba wa shiyyoyi. Garuruwan da ke kewaye kuwa suna ƙarƙashin sashen raya garuruwan gefen birni da kuma ƙananan hukumomin yanki shida: AMAC (wato ta birnin Abuja da kewayensa), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A matakin ƙasa, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ita ce ke sa ido a kan bin dokokin muhalli. Wannan rabon aiki yana da illa guda da kowa yake gani: akasarin jama'a suna zaune ne a garuruwan gefe, inda kuɗi da motocin shara suka fi ƙaranci, ga kuma Mararaba da Masaka waɗanda a zahiri unguwannin ma'aikatan Abuja ne amma a takarda suna cikin Jihar Nasarawa.

Shin ana sake sarrafa shara a Abuja a halin yanzu, ko sai nan gaba za a fara?

Ana yi, kuma an daɗe ana yi, sai dai ba gwamnati ce take yi ba. Kusan duk gwangwanin lemo da guntun rodi da tsohuwar bokitin roba da ya koma masana'anta daga Abuja ya bi ne ta hannun baban bola. Shi ne yake zagaya unguwa ko ya tsaya a juji ya tsinto, ya kai wa mai sikeli a ƙaramin wurin tara kaya, a auna a biya shi a take. Mai sikeli yana warewa yana tarawa har kayan su kai a yi lodi, sannan ya sayar wa babban dillali a kasuwar panteka irin ta Dei-Dei, daga nan kuma tireloli su ɗauka zuwa masana'antun narka ƙarfe da na roba a Legas da Ogun da Kano. Sau da yawa mai sikeli shi ne ubangidan yaran da ke kawo masa kaya: shi yake ba su kura da ɗan jari da wurin kwana, shi kuma yake yanke farashi.

Wani kaso na kayan ba ya ma barin gari. Maƙera suna narkar da alminiyam su zuba tukwane da ludaya, masu walda suna yin murhu da ƙyaure da tsofaffin ƙarafa, kafintoci suna sayen katakon da aka cire daga gini. A gefe guda kuma akwai kamfanoni masu rajista da suka shigo harkar, irin su Chanja Datti a nan Abuja da Wecyclers da aka kafa a Legas a 2012, waɗanda suke karɓar roba da kwali daga gidaje su saka wa masu kawowa da kuɗi ko kaya.

Saboda haka duk wani shiri na inganta sake sarrafa shara da ya fara da tunanin cewa fili ne fetal babu kowa a cikinsa, ya fara da kuskure. Akwai dubban mutane da suka san farashin kowane irin ƙarfe, suka san robar da masana'anta take karɓa da wadda take mayarwa, kuma suna rage wa hukuma nauyin abin da za ta ɗauka zuwa Gosa ba tare da ta biya su ko sisi ba.

Me ya sa baban bola yake ɗaukar ƙarfe da gwangwani amma ya bar leda?

Domin da kilo ake biyansa. Jan ƙarfe da alminiyam suna da tsada kuma masu saye ba sa ƙarewa, saboda narkar da tsohon alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adani. Baƙin ƙarfe bai kai su tsada ba, amma yana da nauyi, don haka buhu ɗaya yana biyan wahala. Gorar ruwa da ta lemo, wadda ake yi da samfurin roba mai suna PET kuma ake gane ta da lamba 1 a cikin alamar kusurwa uku da ke gindinta, tana da kasuwa, sai dai sai an tara gommai kafin su cika kilo guda, kuma idan ba a matse su da inji ba mota takan cika da iska ne kawai.

Ledar fiya wata da baƙar ledar cefane su ne suka fi zama matsala. Ana iya narkar da su a yi wasu kayan, amma ba su da nauyi, sukan zo da ƙasa da maiƙo, kuma kuɗin wankewa da busarwa yakan cinye ribar. Fakitin biskit da na madara da na taliyar yara kuwa an yi su ne da roba da siririn alminiyam a manne, raba su yana da wuya ƙwarai, shi ya sa kusan babu mai saye. Abin da ba shi da mai saye shi ne yake toshe magudanun ruwa da damina, shi ne kuma awaki da shanu suke haɗiyewa. Kasuwa ita kaɗai ba za ta taɓa ɗauke irin wannan shara ba, sai an sa mata kuɗi daga wani wuri.

Ba 'yan bola ne suke satar kayan gwamnati ba? Me ya sa za a goya musu baya?

Ƙorafin yana da tushe, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba. An sace murafen ramukan kan titi a manyan hanyoyin Abuja, an yanke wayoyin fitilun titi, an ɓalle ƙarafan gadoji, kuma duk wannan kaya sai da ya samu mai saye kafin ɓarawo ya ɗauka. Wannan ne ya sa a Janairu na 2025 hukumomin birnin tarayya suka haramta yawon bola a cikin gari, suka taƙaita shi ga jujin da ke bayan gari, suka kuma rufe kasuwannin panteka na makonni biyu domin a tantance masu sana'ar.

Sai dai ya kamata a duba abin da haramci yake iya yi da abin da ba ya iya yi. Murfin ramin titi ƙarfe ne mai nauyi wanda ba a sa shi a buhu a rataya, kuma ba ya da amfani ga kowa sai ya isa wurin da za a narkar da shi. Wurin da ya fi sauƙin tsarewa ke nan: dillalai da masana'antu, waɗanda adadinsu kaɗan ne kuma kowa ya san inda suke. Idan aka wajabta wa kowane mai sikeli ya yi rajista, ya riƙe littafin da yake rubuta sunan wanda ya kawo kaya da irin kayan, aka kuma hukunta duk masana'antar da aka samu kayan gwamnati a harabarta, to satar za ta rasa kasuwa. Korar kowa da kowa daga unguwanni kuwa tana da nata sakamakon: roba da kwalin da a da ake tsincewa suna da tsabta daga ƙofar gida yanzu sai sun gauraya da ruɓaɓɓen abinci sun isa juji kafin a taɓa su, motocin hukuma suna ƙarin sawu, sannan matasan da suka rasa abin yi ba komawa garuruwansu suke yi ba.

A ganina hanyar da ta fi dacewa ita ce rajista, da katin shaida mai hoto, da riga mai lamba, da keɓe wa kowane mutum unguwar da zai yi aiki da lokacin da zai shiga, ta yadda mai unguwa da masu gadi za su san shi. Wanda aka san sunansa da ubangidansa da layin da yake bi yana da abin da zai rasa idan wani abu ya ɓace.

Akwai inda aka gwada haka aka ga amfaninsa?

Akwai, kuma a biranen da ba su fi mu kuɗi sosai ba. A birnin Pune na Indiya, masu tsintar shara sun kafa ƙungiyar ƙwadago a 1993, sannan a 2008 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta gama kai mai suna SWaCH. Mambobinta, waɗanda suka haura 3,000 kuma akasarinsu mata ne, suna bi gida gida suna karɓar shara, kowane gida yana biyansu ɗan kuɗi a wata, kuma duk abin sayarwa da suka ware nasu ne. Hukuma tana ba da kayan aiki da rumfunan warewa, tana kuma ɗauke abin da ya rage.

A Bogota, babban birnin Kolombiya, sai da masu tsintar shara suka yi shekaru suna shari'a kafin kotun tsarin mulki ta tabbatar musu da haƙƙinsu, kuma daga 2013 birnin ya fara biyansu a kan kowane tan da suka fitar, bisa hujjar cewa aikin da suke yi daidai yake da na kamfanin da ake biya ya kai shara juji. Brazil ta sanya wannan sana'a cikin jerin sana'o'in da gwamnati ta amince da su a 2002, sannan dokar shara ta 2010 ta ba ƙungiyoyinsu fifiko a tsarin ƙananan hukumomi. Ƙasar ta shafe shekaru tana sake narkar da fiye da kashi 95 cikin 100 na gwangwanayen alminiyam da ake sha a cikinta.

Alƙahira kuwa darasi ce ta ɗaya ɓangaren. Mutanen da ake kira Zabbalin, mazauna Manshiyat Nasir, sun daɗe suna karɓar shara daga ƙofar gidaje suna warewa a unguwarsu, har ana ƙiyasta cewa suna amfana da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka tara. A 2003 hukumomi suka miƙa aikin ga manyan kamfanonin Turai, waɗanda aka nemi su sake sarrafa kashi 20 kacal. Manyan motocin kamfanonin ba sa shiga lunguna, mutane kuma sun saba a zo har ƙofa a karɓa, sai shara ta taru a tituna, kuma daga baya hukumomi suka dawo suna yi wa ƙananan kamfanonin Zabbalin rajista.

Me zai sa in wahalar da kaina wajen ware shara a gida, alhali mota ɗaya ce za ta haɗe ta duka?

Wannan tambaya tana da gaskiya, kuma ita ce ta kashe shirye-shirye da dama. An sha raba wa mutane kwandunan shara masu launi daban daban, su ware da kyau, sai su ga an juye komai a cikin mota guda, daga ranar kuma ba su ƙara warewa ba. Warewa ba ta da ma'ana sai akwai wanda zai zo ya karɓi abin da aka ware a rana sananniya.

Amma ba sai an jira hukuma ba, kuma ba a buƙatar kwando huɗu ko biyar. Kashi biyu sun isa: jiƙaƙƙiya da busasshiya. Ɓawon doya da ragowar abinci da ganye su shiga bokiti ɗaya, gora da gwangwani da kwali da kwalba su shiga buhu. Buhun nan akwai mai zuwa ya ɗauka, ko ya saya ma. Kwalin da miya ta zuba a kansa ya tashi daga kayan sayarwa, robar da ta kwana cikin ruɓaɓɓen abinci kuma farashinta ya faɗi, don haka wannan ɗan aiki na cikin gida shi ne yake ƙayyade darajar kayan tun daga farko har masana'anta. A gidajen Hausawa ma ba baƙon abu ba ne, tunda uwargida ta saba ware ƙanzo da dusa da ɓawon wake saboda dabbobi.

Birnin Kuritiba na Brazil ya ƙarfafa wannan ɗabi'a tun 1991 ta hanyar musaya: wanda ya kawo kilo huɗu na kayan da aka ware sai a ba shi kilo ɗaya na kayan lambu da aka sayo daga ƙananan manoma.

Ina za a kai ragowar abinci da sharar kasuwa?

Wannan shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi, alhali shi ne mafi girma. A ƙasashe masu tasowa fiye da rabin shara ragowar abinci ne da ganye, saɓanin ƙasashe masu arziki inda bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ko da an tsince duk wata roba da ƙarfe a Abuja, rabin nauyin da motoci suke ɗauka yana nan. Shi ne yake wari, shi ne yake tara ƙudaje da ɓeraye, kuma idan aka binne shi a juji yana fitar da iskar gas mai kama wuta wadda take haddasa gobarar da ke ci a ƙarƙashin juji wata da watanni.

Maganinsa taki ne, kuma Arewa ta san wannan tun kafin zuwan takin zamani. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗaukar takin gari a kan jakuna zuwa gonakinsu, kuma a Jos masu noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari suna sayen tokar bola su zuba wa kayan lambu. Abin da ya canza shi ne sharar kanta: a da toka ce da kashin dabbobi da ganye, yanzu kuwa tana ɗauke da leda da fasassun kwalabe da batura, waɗanda gubarsu take shiga ƙasa ta kuma iya shiga amfanin gona. Takin da za a amince da shi sai an yi shi da sharar da aka ware tun daga tushe.

Wuri mafi sauƙin farawa shi ne kasuwannin kayan gwari da na 'ya'yan itace irin ta Zuba, da mayanka, da manyan gidajen abinci, domin sharar da suke fitarwa kusan iri ɗaya ce kuma tana taruwa a wuri guda. A Dhaka ta Bangaladash wata ƙungiya mai suna Waste Concern ta fara irin wannan aiki a 1995 da ƙananan wuraren yin taki a cikin unguwanni. Darasin da aka koya a wurare da yawa shi ne a nemo mai sayen takin kafin a gina wurin yin sa. Abuja ta yi sa'a a nan, domin gonakin Kuje da Kwali da Gwagwalada suna kusa, ga masu sayar da furanni a bakin tituna, ga kuma tsadar takin zamani.

Me zai hana a sayo injin da ke ƙona shara ya ba da wutar lantarki?

Wannan shawara tana da farin jini a wurin masu mulki domin ana ganin za a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Habasha ta buɗe irin wannan tasha mai suna Reppie a 2018 kusa da jujin Koshe, wadda aka tsara ta ƙona tan 1,400 a rana. Amma injinan an ƙera su ne domin sharar Turai mai yawan takarda da roba, wadda take ci da wuta da kanta. Tamu jiƙaƙƙiya ce, ga ƙasa da yashin da ake sharowa daga tsakar gida. A Delhi an gina irin wannan tasha a Timarpur a 1987, aka rufe ta bayan 'yan makonni saboda sharar ta ƙi ci. Bayan haka, irin wannan tasha tana buƙatar robar da masu sake sarrafawa suke rayuwa a kanta, tana buƙatar na'urorin tace hayaƙi masu tsada, da kuma kwangilar shekaru masu yawa da kuɗin waje. Birnin da har yanzu bai iya kwashe sharar Karu da Dutse Alhaji a kan kari ba yana da abubuwan da suka fi wannan gaggawa.

To wa zai biya kuɗin duk wannan?

Kafofi uku ne. Na farko kuɗin da gidaje da shaguna suke biya, wanda mutane sukan biya idan suna ganin aiki, su ƙi idan ba sa gani. Na biyu kasafin hukuma, wanda a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi shara takan ci kusan kashi 20 cikin 100 nasa a matakin birni. Na uku, wanda shi ne bai samu gindin zama ba tukuna, shi ne kamfanonin da suke zuba kayansu a cikin gora da leda su ɗauki nauyin dawo da su bayan an yi amfani da su.

A Najeriya NESREA ce ke jagorantar wannan tsari. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha sun kafa haɗakar FBRA domin tattara robobinsu, masu kayan lantarki kuma suka kafa EPRON, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba. Afirka ta Kudu ta riga mu da kamfanin PETCO tun 2004. Amfanin kuɗin da kamfanonin suke biya shi ne ya tallafi farashi, domin farashin tsohuwar roba yana bin na ɗanyen mai: idan mai ya yi araha sabuwar roba takan yi araha, masana'antu su daina sayen tsohuwa, mai sikeli ya rage kuɗi, masu tsinta su daina ɗauka. Haka ma lokacin da Sin ta rufe ƙofarta ga sharar roba da takarda daga waje a 2018, farashi ya rikice a duniya baki ɗaya. Ma'aunin da ya kamata a riƙa auna tsarin da shi ɗaya ne: nawa ne daga cikin kuɗin ya isa hannun wanda ya sunkuya ya ɗauki gorar.

Haramta leda zai magance matsalar?

Zai rage wani ɓangare nata idan aka aiwatar da gaske. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma Jihar Legas ta haramta farin mazubin abinci na soso a Janairu na 2024. Ledar fiya wata kuwa lamarinta daban ne, domin a unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa ita ce ruwan shan talaka. Hana ta kafin a samar da ruwa zai zama doka ce a takarda kawai. Abin da ya fi kusa shi ne masu gidajen ruwan su riƙa sayen ledar da motocinsu za su dawo da ita bayan sun sauke kaya.

Idan mota ba ta zo ba, laifi ne in ƙona sharata?

Dokokin muhalli sun hana ƙona shara a fili, kuma hayaƙin roba yana ɗauke da guba mai cutar da huhu, musamman ga yara da masu asma, balle a lokacin hunturu da hayaƙin yake kwantawa a kan unguwa. Idan an ware busasshiyar an bayar, an binne jiƙaƙƙiyar a rami ko an ba dabbobi, abin da zai rage kaɗan ne kuma yana iya jiran mota ba tare da ya yi wari ba.

Akwai sharar da bai kamata a bar wa masu tsinta ba?

Akwai. Baturan mota da na sola suna ɗauke da dalma, kuma fasa su da narkar da su a cikin unguwa yana kisa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 sun mutu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon gubar dalma daga irin wannan aiki da ake yi a tsakar gidaje. Yanzu da sola ta yawaita a Abuja, tsofaffin batura za su yawaita, don haka ya kamata mai sayar da sabo ya karɓi tsohon ya miƙa shi ga masana'anta mai lasisi. Haka nan ƙona wayar lantarki domin a fitar da jan ƙarfe, da allurai da sirinji na asibitoci da shagunan magani, da gwangwanayen maganin ƙwari da na feshi, waɗanda wasu suke wankewa su zuba mai ko ruwa.

Ya kamata a faɗi wani abu a nan game da yara. Da yawa daga cikin masu yawon bola ba su kai shekara goma sha biyar ba, suna taka fasassun kwalabe da silifas, suna tona shara da hannu. Duk wani tsarin rajista dole ne ya sa iyakar shekaru, ya ɗora alhakin a kan ubangidan da yake karɓar kayansu, ya kuma tanadi safar hannu da takalma da allurar rigakafin tetanus ga manya.

Unguwa ko rukunin gidaje da ke son farawa, daga ina za su fara?

Su fara da neman mai saye, domin shi ne zai faɗa musu irin kayan da yake karɓa, da yadda yake so a ware su, da mafi ƙarancin nauyin da zai sa ya turo mota. Daga nan su keɓe wuri mai rufi da ƙofa inda ruwan sama ba zai taɓa kwali ba, su sayi sikeli nasu domin kada awo ya zama abin rigima, su kuma zaɓi mutum ɗaya ko biyu daga cikin masu tsintar da suka riga suka saba da unguwar, a ɗauki bayanansu da na wanda zai tsaya musu, a gabatar da su ga mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, a tsayar musu da rana a mako. Masallatai da coci-coci da makarantu wurare ne masu kyau na ajiye buhunan tara gora, musamman ranar Juma'a da Lahadi da lokacin bukukuwa.

Kada a yi wa mutane alkawarin riba mai yawa. Kuɗin da zai fito daga robar gidaje ɗari zai iya biyan mai kula da wurin ya sayi buhuna, amma ba zai gina rijiyar burtsatse ba. A riƙa rubuta nauyin abin da aka sayar kowane wata ana karanta wa mazauna a taron unguwa, kuma idan buhunan da motar shara take ɗauka suka ragu, wannan rubutun ne shugabannin unguwa za su riƙe su je su nemi ragin kuɗi a wurin ɗan kwangila.